Shekarar da Na Yi Tallan Faɗa a Salford

Ummi, Abba, Khadija, na san kun ji labarin katin nan ya fi sau ashirin daga bakin babanku, kuma duk lokacin da ya bayar sai kun yi dariya kamar ba ku taɓa ji ba. Ban hana ku ba, abin dariya ne. Sai dai mai ba da labari ya san inda yake tsallakewa, babanku kuwa gwani ne a tsallake. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, likita ya ce in rage tsayuwa, bari in rubuta muku yadda aka yi tun daga tushe, don kada 'ya'yanku su tashi da rabin zance.

Lokacin da babanku ya samu scholarship ya zo Salford yin digirin dakta a injiniya, sai da ya shekara shi kaɗai kafin ya aiko mu taho. Ummi tana da shekara biyar, Abba yana goye. Flat ɗinmu a hawa na uku yake, tagar falon tana kallon bayan wani gareji, ta ɗakin kwana kuma tana kallon bangon maƙwabta. Babanku zai fita da sassafe da jakarsa, ba zan sake ganinsa ba sai bayan magariba, ya dawo idanu jajir, ya ci abinci ya sake buɗe littafi. Ni kuwa in na kai Ummi makaranta na dawo, shi ke nan, sai ni da Abba da ƙarar firij. Na yi sakandare a Funtuwa, ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma Turancin mutanen Manchester wani abu ne daban. In suna magana sai ka ce mutum ya cika bakinsa da dankali mai zafi yana sauri ya haɗiye. Sai in yi murmushi in gyaɗa kai, ban sani ba ko gaishe ni ake ko cewa ake na taka wa wani ƙafa.

Abu ɗaya ne ya zo da ni ƙasar nan wanda ba ya buƙatar tafinta, shi ne hannuna. Tun ina 'yar shekara goma kakata Iya Ladi ta zaunar da ni gabanta ta koya mini kitso, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu in ana maganar shuku sunana ake fara kira. Duk Lahadi nakan yi wa Ummi sabo. Ran Litinin a ƙofar makaranta sai iyaye mata su kewaye ta, baƙaƙe da farare, suna leƙa kanta suna tambaya. A bakinsu na tsinci kalmar braid, na gane ita ce kitso. Matan 'yan uwanmu ɗalibai da ke Fallowfield kuwa sun riga sun gano ni, sukan hau bus su zo in yi musu, su tafi da godiya da "Allah ya saka." Wata rana ina kallon yatsuna bayan na sallami mutum uku, sai na ce a raina, to ni me nake jira?

Da babanku ya gama cin abinci na kawo maganar.

"Malam, ina so in fara kitso na sana'a."

Ya ɗago daga littafinsa ya dube ni ta saman tabarau.

"Kitso? Rabi, so kike a ji a gida an ce na kawo 'yar mutane Ingila tana tsefe wa jama'a kai?"

"Ai a gidan ma ina yi."

"Gida daban, nan daban. Ki bari tukuna in gama karatu."

"Saura shekara nawa?"

"Biyu, in Allah ya so."

Huɗu ya yi. Amma ku lura da kyau, don nan ne babanku yake cewa na saɓa umarninsa. Bai ce a'a ba. Cewa ya yi in bari tukuna. Ni kuwa na yi Islamiyya, an koya mini bambancin haramun da makaruhi.

A kan hanyar makarantar Ummi akwai kantin wani Ba'indiye mai sayar da jarida da madara. Rabin tagarsa cike take da ƙananan katuna: mai neman ɗan haya, mai sayar da keke, wadda kyanwarta ta ɓata. Na tsaya na karanta su tas, na ce wannan ai ba gagara ba ce. Washegari da babanku ya fita na buɗe kwamfutarsa. Na sha zama a bayansa ina kallo, na san in ya rubuta kalma ba daidai ba wani jan layi yakan fito a ƙarƙashinta, in daidai ce kuma ba ya fitowa. Na ɗauki jan layin nan a matsayin malami. To ni ba kitso kawai nake so in tallata ba, so nake a san na iya shuku, wanda ake ɗauko shi daga ƙeya da goshi a tara shi a sama. Na yi lissafi irin na mai hankali: hawa bene upstairs ne, hawa tudu uphill ne, kitson da ya hau sama fa? Na rubuta upbraid. Na jira. Babu jan layi. Don in tabbatar sai na rubuta downbraid, saboda kitson da ke kwantawa baya. Nan take ja ya fito. Na ce, Allah sarki Turawa, ashe shuku kaɗai suka sani.

Ga abin da na rubuta, har yau ban manta ko harafi ɗaya ba:

"Experienced African lady will upbraid you and your children. My house or yours. I have been doing it since I was ten. Women only. Two hours."

A ƙasa na sa lambar wayar gidanmu. A zuciyata cewa na yi, ga ƙwararriyar 'yar Afirka za ta yi miki shuku ke da 'ya'yanki, a gidana ko a naki, tun ina shekara goma nake yi, mata kawai, awa biyu. Na kwafe shi da biro a bayan kwalin shayi da na yanke, na goya Abba muka tafi. Mai kantin ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. Sai ya ce matarsa ma ta iya wannan aikin, kullum tana yi masa, kuma kyauta. Na dubi kansa, gashi kwance luf kamar an lashe, na ce a raina, ji tsoho da ƙarya, so yake ya kashe mini kasuwa. Ya manna katin yana ta girgiza kafaɗu. Na ɗauka sanyi yake ji.

A cikin satin waya ta yi ƙara sau uku, dukansu da rana, babanku ba ya nan. Na farko namiji ne, dariya kawai ya yi ya ajiye. Ta biyu wata mata ce ta tambaya ko zan yi wa uwar mijinta. Na ce ta kawo ta, muddin za ta iya zama awa biyu ba ta motsa ba. Ita ma ta ajiye. Ta ukun ran Alhamis ta kira, muryar tsohuwa, tana magana a hankali dalla-dalla, karo na farko da na ji Baturiya na gane duk abin da ta ce. Ta ce sunanta Doreen. Da Turanci muka yi, amma ga yadda ta kasance.

"Kina yi wa mazan aure?"

"A'a, mata kawai."

"Kash. Nawa mijin ya fi kowa buƙata. Shekara arba'in ina yi masa da kaina, bai taɓa kamawa ba."

"Gashinsa yana da tsawo?"

"Sanƙo ne da shi, tal."

"To ai shi ya sa ba ya kamawa. Babu abin riƙewa."

Can sai na ji ta fashe da dariya har tana tari, na tsaya riƙe da waya ina jira ta gama. Da ta samu numfashi sai ta nemi adireshi, ta ce za ta zo ran Litinin bayan an tashi daga makaranta. Na ajiye waya na ɗaga Abba sama ina juyi da shi. Na samu ta farko da zan yi wa kitso.

Ran Asabar aka yi suna a Birmingham, a gidan Dakta Lawal da ke Sparkhill. Ba ku san shi ba, sun koma gida kuna ƙanana. Malamin harshe ne a jami'a, mutumin kirki, amma in ya kama zancen kalma ɗaya sai abinci ya huce. Matarsa Hajiya Binta ce ta haihu, kuma ita ce ta tarbe ni da bargo da tukwane lokacin da na zo ƙasar. Muka shiga tsohuwar motar babanku tun da safe. Gidan irin siraran nan ne, in an yi atishawa a falo sai a ce yarhamukallah a kicin. Maza suka cika falo, mu mata muna kicin muna suyar waina. Da aka cika tire sai Hajiya Binta ta ce in miƙa musu daga bakin ƙofa.

Ina isa na ji Dakta yana cewa a saurara. Ashe yana da wani ɗan littafi a aljihu da yake kwafe duk wani rubutu mai ban dariya da ya gani a titi, kuma a satin ya je taro Manchester, ya tsaya sayen jarida.

"Ku ji wannan," in ji shi. "Wallahi tun da nake tarawa ban samu kamarsa ba."

Ya karanta. Kalmar farko na gane katina. Har na fara murmushi, na ce lallai talla ta yi nisa, ta kai Birmingham. Sai na ga mutum uku sun kife da dariya, sauran suna tambayar me aka ce. Dakta ya gyara zama.

"Upbraid fa faɗa ne. Ba ƙaramin faɗa ba, irin wanda za a zaunar da kai a lissafo maka laifinka ɗaya bayan ɗaya. Wankin babban bargo. Wato wannan baiwar Allah cewa take za ta zo har gida ta zazzaga wa matarka da 'ya'yanka masifa na awa biyu, kuma tun tana shekara goma take wannan sana'a."

Falo ya ɗauka. Tiren ya yi mini nauyi a hannu, na ji zafin waina ya bi ta yatsuna ya hau fuskata. Na leƙa ta gefen ƙofa ina neman babanku, ko zai gane, ko zai yi wani abu. Yana nan a kan kujerar tsakiya, ya cire tabarau yana share hawaye, yana dukan cinya. Dariyarsa ta fi ta kowa.

"Kai, Dakta!" in ji shi. "Ai ita ba ta da laifi. Mijinta ya kamata a kama. Yana ina matarsa ta rubuta wannan? Irin mazan nan ne da ke kawo mata su zuba a ɗaki kamar kayan miya. Ina ma akwai lamba, in kira ta ta zo ta yi wa supervisor ɗina."

"Akwai mana," in ji Dakta. "Na kwafo."

Ya fara karantowa, lamba ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon fuskar babanku. A lamba ta huɗu dariyar ta koma murmushi. A ta bakwai murmushin ya tafi, bakin ya rage a buɗe. Kafin a kai ta ƙarshe ya mayar da tabaransa. Wani daga gefe ya ce, "Habu, wannan ba lambar gidanka ba ce?" Shi kansa Dakta da wannan lambar ya kira mu ya gaya mana suna, amma mutumin da kalma ta ɗauke wa hankali ina zai lura da lamba.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Da na bi ta zuciyata da na ajiye tiren a ƙasa na gudu banɗaki na kulle. Amma sai na ga ƙafafuna sun shiga falon. Na durƙusa na ajiye waina a tsakiya, na ce:

"Ni na rubuta, Dakta. Shuku nake nufi."

Dakta Lawal ya rasa inda zai sa kansa, sai ya gudu inda ya saba fakewa, wato cikin ilimi.

"Maman Ummi, wallahi... ai in an bi ta asali ma ba ki yi nisa ba. Kalmomin nan biyu uwarsu ɗaya. A tsohon Turanci akwai wata kalma, bregdan, ma'anarta fizgowa, ko saƙawa. Daga ita aka samu braid, don mai kitso fizgo gashi take tana saƙawa. Daga ita kuma aka samu upbraid, wato ka fizgo laifin mutum ka ɗago shi sama ka nuna masa. Kin ga da shekara dubu da suka wuce ne, babu mai yi miki dariya."

"To," na ce, "na makara ke nan da shekara dubu. A ci waina kada ta huce."

Na koma kicin. Mata sun ji komai. Wata ta toshe baki da mayafi, wata ta juya tana wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Kafin la'asar na ji wata a bayana tana raɗa "Hajiya Upbraid," kuma kun san sunan bai mutu ba har yau.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Muka fita daga Stratford Road. Da muka hau babbar hanya sai ya yi gyaran murya.

"Rabi, kin kunyata ni a gaban mutane."

'Ya'yana, shekara bakwai muna tare a lokacin, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar ma ban ɗaga ba. A hankali na fara, kamar mai tsifa. Na ce, Malam, ni ban yanke maka hukunci ba, kai ka yanke wa kanka, kuma a gaban shaidu: ka ce a kama mijin. Na ce wata goma sha huɗu ke nan ina cikin ɗakin nan, in ba kai ka kira sunana ba babu mai kira, kai kuma sai in za ka tambayi inda safarka take. Na ce ka taɓa tambayata yadda nake yi da malamar Ummi in ta tare ni da magana? Ka taɓa zaunar da ni ka koya mini kalma ɗaya, kai da ka cika shelf da ƙamus? Na ce da ka saurare ni ranar da na kawo maka maganar, da kai zan nuna wa katin, ba kwamfuta ba. Kuma abin da ya fi yi mini ciwo ba dariyar mutane ba ce, taka ce, don ba ka san wace ce ba ka yi mata, kuma da matar wani ce da har yanzu kana yi. Daga nan na koma baya na ɗauko tun daga ranar da ya manta bai zo tarbarmu a filin jirgi da wuri ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi dai yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya. Har ya wuce mahaɗar da za mu fita, sai da muka yi zagaye.

Can daga baya sai muryar Ummi, da Turancinta na 'yan Salford da ta kwaso a makaranta:

"Mummy, are you telling Daddy off?"

Babanku ya dube ta ta madubi, ya ce da Hausa, "A'a, Ummi. Wannan ya wuce telling off. Wannan shi ne upbraid ɗin." Ya juyo gare ni. "Kin gama?"

"Saura."

"To, bismillah."

Da ya tsayar da mota a ƙofar gida ya duba agogo, ya ce awa biyu cif, aƙalla dai tallar ba ta yi ƙarya ba. Ban yi dariya ba. Sai da na shiga banɗaki na rufe ƙofa sannan na yi, ina yi ina kuka.

Akwai abin da ba na jin daɗin rubutawa, amma na ce zan faɗi gaskiya. Daga ranar na ɗauke ƙafa daga taron 'yan uwanmu kusan shekara biyu. Ba suna, ba walima, ba gaisuwar Sallah. Hajiya Binta ta yi ta kira, in na ji muryarta sai in ce ina da aiki a hannu. Ita ba ta yi mini komai ba, ko dariyar ma ban ga ta yi ba, gidanta ne kawai abin ya faru. Da aka haifi Khadija ta aiko da kaya ta hannun wani, ban kira na yi godiya da bakina ba. Suka koma gida ban je sallama ba. Ina cewa in na je Nijeriya zan neme ta, sai labarin rasuwarta ya riga ni. Wannan ba laifin babanku ba ne, ba na Dakta ba ne, nawa ne. Kunya in ta yi yawa girman kai ce ta sake riga. Allah ya jiƙan Binta.

Mu koma ran Litinin. Na riga na yanke cewa da na ɗauko Ummi zan biya in cire katin, kuma na tabbata tsohuwar nan ba za ta zo ba, tsokana ce kawai. Muna shigowa gida sai ga ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga 'yar gajeruwar Baturiya da farin gashi da jakar hannu, tana riƙe da wata yarinya mai kamar shekara bakwai, fatarta irin ta ruwa biyu, an tura mata hular sanyi har gira.

Na ce mata da guntun Turancina, kuskure ne, ni ba na faɗa, kitso nake yi.

"Na sani," in ji Doreen. "Shekara talatin ina koyar da Turanci, tun a tagar na gane. Ki yafe mini tsokanar da na yi miki a waya, na kasa daurewa ne. Ga abin da ya kawo ni."

Ta cire wa yarinyar hula. Jikarta ce, sunanta Amy, ubanta mutumin Ghana ne, sun rabu da uwar, uwar kuma tana aikin asibiti ba dare ba rana. Gashi ne mai yawa, mai kyau, amma ya cukurkuɗe ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Doreen ta ce kullum da safe sai an yi kuka, ita da yarinyar duka, har Amy ta fara cewa a aske mata. Na zauna a kan kujera, na ajiye matashi a ƙasa, na ce ta zo. Na ɗauko man kaɗanya da na zo da shi daga gida. Awa ɗaya na yi ina warwarewa da yatsa kafin in sa mataji, ina yi mata waƙar da Iya Ladi take yi mini, Ummi tana fassara mata yadda ta ga dama. Doreen tana gefe da kofin shayi, ita ma ba ta zauna banza ba. Ta ce kalmar nan tawa ba a jin ta a titi, ta littattafai ce da wa'azin coci, ita rabonta da jin ta a bakin mutum tun kakarta. Yanzu tell off ake cewa, ko scold in yaro ne. Ta ce in wani ya ce zai yi upbraiding ɗinki, to ko dai ya tsufa ƙwarai ko yana so a san ya yi karatu.

Da na gama na miƙa wa Amy madubi. Ta daɗe tana kallo, tana taɓa tsinin shukun da yatsa ɗaya. Da za su tafi ta ƙi mayar da hular, ga shi ana yayyafi. A bakin ƙofa muka ƙulla da Doreen: duk Litinin za ta zo, ni in kula da kan Amy, ita ta kula da Turancina. Shekara shida muka yi a haka. Duk Turancin da na yi amfani da shi na buɗe shago a Sparkhill bayan babanku ya samu aiki mun dawo Birmingham, na yi ta fama da hukumar gari da masu gida, daga bakin matar nan na same shi.

Ranar da Doreen ta fara zuwa babanku ya dawo da wuri, abin da bai taɓa yi ba, har suka yi kiciɓis da su a matakala. Ya shigo yana waiwaye. Bai ce ya yi kuskure ba, kun san shi. Ya ajiye jaka, ya buɗe kwamfuta, ya ce:

"Kawo kujera. In za a yi abu a yi shi da kyau. Bari in rubuta miki kati irin na masu ilimi."

Ya rubuta, ya buga shi a jami'a a kan takarda mai kauri, ya kawo mini washegari da hannu biyu kamar takardar digiri. Nan labarinsa yake ƙarewa: ya gyara kati, kasuwa ta buɗe. To ga ragowar. Ni da maciji ya taɓa sara, ban kai katin kanti ba, na ajiye shi sai da Doreen ta zo. Ta sa tabarau ta karanta babban layin sama, inda ya rubuta "Professional Hair Plating." Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa irin ta mai kantin jarida.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Maigidana. Babu jan layi, na duba."

"Ba za a samu ba, ai kalma ce. Kitso plaiting ne, da harafin i a tsakiya. Plating kuwa shi ne a shafa wa ƙarfe ruwan azurfa ko na zinariya. Me mijin naki yake karantawa?"

Na ce wani abu ne a kan yadda ake rufe ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Doreen ta kwanta a jikin kujera. Kalmar da yake rubutawa sau hamsin a rana ce, hannunsa ya tafi inda ya saba. Mai karatun dakta guda ya yi shelar cewa matarsa tana yi wa gashin mutane ruwan azurfa.

"Za ki gaya masa?" in ji ta, tana share ido.

Na riƙe katin na daɗe ina kallo. Ga ramuwa a hannuna, a buge, a kan takarda mai kauri. Waya ɗaya zan yi zuwa Birmingham ya shiga ɗan littafin Dakta Lawal. Sai na tuna yadda ya zauna ya yi ta sauya girman haruffa yana tambayata wanne ya fi kyau, mutumin da ko sati biyu ba a yi ba yake cewa in bari tukuna. Na ce wa Doreen ta ara mini baƙin biro. A tsakanin a da t na ja ɗan siririn layi, na ɗiga masa ɗigo a ka. Na kai kanti, mai jarida ya cire tsohon ya manna sabon, har yana cewa zai yi kewar na farkon.

Da babanku ya dawo ya tambaya tun bai cire takalmi ba.

"Kin kai? Me mai kantin ya ce?"

"Ya ce wannan karon da gani mai ilimi ne ya rubuta."

"Ai na gaya miki," in ji shi, ya zauna yana murmushi. Na zuba masa abinci, na ƙara masa nama.

Daga ni sai Doreen muka san wannan, ita kuma ta tafi kabari da nata. Malam, na san kai za ka fara karanta shafukan nan kafin yaran, da biro a hannu, kana neman kuskure. Ka yi haƙuri. Katin naka ne, amma harafin nan guda nawa ne.